Benen 'Yar Goronyo

A Agege, bayan layin dogo, akwai wani gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna. A ɗakin ƙarshe Malam Abdurrahim yake zaune da matarsa Bara'atu. Mutane suna kiwon kaji, suna kiwon tattabaru, wani ma har biri gare shi. Shi Malam sai Allah ya jarrabe shi da ƙadangaru. Ba fa jan gwadan nan masu gyaɗa kai a kan katanga ba, a'a, waɗanda suka hawo mota tun daga Arewa.

Ga yadda abin ya faro. Malam ya yi dako a kasuwar Mile 12 tun da ƙarfinsa, har bayansa ya ce ya isa, ya dawo ya kasa goro a faranti a ƙofar gida. Amma 'yan dako ba su manta da shi ba. In ana sauke albasa ko tumatir ko kankana, akan tarar wata halitta ta laɓe cikin kaya ta sha tafiyar kwana da kwanaki. Hawainiya a bakin kwando, kulɓa a tsakanin buhuna, wani lokaci har damo. Da can sai a take su a wuce. Malam ya roƙa a riƙa ajiye masa.

"Baƙi na," in ji shi da Sakkwatancinsa da Legas ta kasa wankewa. "Ba su san kowa ba garin ga."

Bara'atu kuwa haifaffiyar Agege ce, Yarabanci a bakinta ya fi Hausa gudu, kuma ba ta taɓa wuce Ibadan ba. Tuwo da miyar kuka take sayar wa direbobi. Tun ranar ɗaurin aure Malam ya yi mata alkawari zai kai ta ta ga ƙauyensu can gefen Goronyo. To, ƙauyen ya watse tun shekarar babban fari, babu wanda ya rage da za a sauka wurinsa. Duk shekara sai ya ce baɗi in Allah ya kai mu, har gashin kansu ya yi fari, ita ma ta daina tambaya. Abu ɗaya ne yake ba ta haushi har yau. In ta sayo albasa ko dankali, sai Malam ya kankare 'yar ƙasar da ke jikinsu da farce ya kai hanci yana lumshe ido.

"Malam, don Allah ka bari," takan ce. "Mutane za su ce yunwa nake barin ka da ita."

Cikin baƙin nan nasa akwai wadda ta fi kowa shiga ransa. Wata damo ce mace, doguwa kamar hannun babban mutum, jikinta toka-toka da zane rawaya. Cikin motar albasa daga Goronyo aka tsince ta, shi ya sa ya raɗa mata 'Yar Goronyo. Akwai namiji ma, amma shi ko suna bai samu ba. Bara'atu ba ta son ko ɗayansu. In ta ga 'Yar Goronyo ta zaro harshen nan mai baki biyu, sai tsigar jikinta ta tashi ta yi a'uziyya.

Shekara ta biyu da komawar soja bariki, wata safiya Iya mai gidan, tsohuwar Bayarabiya, ta shiga wanka ta tarar da 'Yar Goronyo a miƙe gefen bokitinta. Wayyo! Tsohuwar nan ta fito da ɗaurin ƙirji tana kiran sunan uwarta da ta mutu tun zamanin Turawa. Da ta dawo hayyacinta sai ta yanke hukunci, Bara'atu tana fassara wa mijinta kalma bayan kalma, har da ɗan ƙari nata. Ko dai a kulle su, ko kuwa su shiga tukunyar farfesu, don akwai masu haya biyu da suka daɗe suna haɗiyar yawu. Wurin da ta ba shi kuwa, tsakanin bangon ɗakinsa da tankin ruwa, bai wuce shimfiɗar tabarma guda ba.

Malam ya tsaya yana duban wurin. Ba a haɗa damo da hawainiya ɗaki ɗaya, sai dai in abincin rana kake son ba shi. Ta yaya za a raba tabarma guda ga wannan jama'a?

Chuwang ne ya warware masa. Kafinta ne, mutumin Jos, shagonsa yana bakin layi, yana yi wa coci-coci benci, yana yi wa masu shayi tebur. Ya zo da fensir a bayan kunne, ya auna wurin da igiya, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Baba, ba wahala," ya ce. "Nan Legas ne. In ƙasa ya ƙare, sama ne muke tafiya. Bene za mu yi masu."

Da gawayi suka zana shi a jikin bango, hawa uku, kowane hawa da ƙofarsa. Suka yini suna gogewa suna sake zanawa, Malam ya bar farantin goro ƙudaje suna gadi. Chuwang ya samo katakon manyan akwatunan da ake kwance injuna a Apapa, fari tas, mai ƙamshin wata ƙasa. Ya samo ragar waya, da sakata, da kwano na rufi. Sai maganar wa zai zauna ina.

"Nauyi a ƙasa," in ji Chuwang. "Haka gini yake."

"Awo," in ji Malam. "Haka lodi ma yake. Mai nauyi ƙasa, maras nauyi bisa."

Kafinta ya faɗi gaskiyar aikinsa, ɗan dako ya faɗi gaskiyar nasa, kuma babu wanda ya tuna ya tambayi damo. Aka sa 'Yar Goronyo a ƙasa don ita ce mafi nauyi, namijin a tsakiya, hawainiya da kulɓa aka raba musu hawan sama.

Kai, amma fa ginin ya yi kyau! Ko Bara'atu da ke zaginsa sai da ta riƙe haɓa. Ya fi tsayin mutum, an shafe shi da ragowar shuɗin fenti, ga 'yan ƙofofi suna buɗewa ba ƙara, ga rassan itace a sama inda hawainiya ke tafiyarta ta ƙasaita. Ƙarƙashin kowane hawa Chuwang ya sa faranti na kwano da ake zarowa a wanke. 'Yan okada masu haya da babur suna tsayawa su leƙo, masu tallar burodi suna sauke kaya su yi kallo. Iya mai gidan da kanta ta jawo kujera ta zauna gabansa kamar mai kallon talabijin.

Ba a daɗe ba 'Yar Goronyo ta daina ci. Malam ya kawo mata dodon koɗi, wanda da ba ta yi masa sallama, ta kawar da kai. Ya fasa mata ƙwai, ko kallo. Tanki ya tare rana ta wannan gefe, bango ya tare ta wancan, hawan ƙasa kullum a inuwa yake da sanyin siminti. Cikinta ya kumbura ta gefe da gefe. Sai ta kama tonon katakon da take kai, ƙarar-ƙarar, tun safe har yamma, har faratanta suka fara jini.

Malam ya shafa cikinta a hankali, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ƙwai na," ya ce. "Inna lillahi. Ƙwai gare ta, Bara'atu, ni ko na aza ta bisa katako cikin duhu."

"To ta saka mana. Kaza ma a kwando take sakawa."

"Damo ba kaza ba ta. Sai ta gina rami da kanta, ƙasa mai ɗumi. In ba ta gina ba, ba ta sakawa. In ba ta saka ba, su ruɓe cikinta ta mutu."

Ina ƙasa a gidan? Tsakar gida siminti ne daga ƙofa har banɗaki. A sake ta bayan gida kuwa, kafin ta tona rabin rami ta zama farfesu. Aka kira Chuwang. Bawan Allah bai yi musu ba, ya cire hularsa ya sosa kai ya ce laifin nasu ne su biyu. Suka juya ginin kaf. Aka sauko da hawainiya da kulɓa, aka buɗe musu taga ta gabas. Hawan sama Chuwang ya mai da shi akwati mai zurfin kamu biyu, ya ƙara tokara huɗu masu kauri don ɗaukar nauyi, ya cire rabin kwanon rufi ya sa raga don rana ta sauka kai tsaye. Ya haɗa tsani ya jingina.

Aka ɗebo ƙasar bayan gida aka cika. Baƙa ce, jiƙe sharkaf, tana warin kwata da baƙin mai. 'Yar Goronyo ta zaro harshe ta taɓa sau ɗaya, ta ja jiki ta lafe a kusurwa. Aka kwashe, aka roƙo yashin gini wurin magina. Wannan ta ɗan gwada, amma duk inda ta tona sai ya rufta, ga gishirin teku a cikinsa. Ta bari. Ta kwanta ta rufe ido, fatar wuyanta ta saki, numfashi kawai ke nuna da rai.

Sai Malam ma ya daina ci. Ba gardama ya yi ba, ba fushi ba. In Bara'atu ta ajiye masa tuwo sai ya ce to, ya gutsura ya mayar. Yana zaune gindin tsani da carbi a hannu, bai ja ba, bai ajiye ba. Rigarsa ta fara yi masa yawa.

"Malam, a kan ƙadangare?" ta ce da faɗa. "A kan ƙadangare za ka mai da ni gwauruwa?"

"Daga gida ta taho, Bara'atu," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ita kaɗai ta taho min daga gida. Ni kuwa na karɓe ta na kashe ta."

Maganar nan ta tsorata ta ƙwarai. Ta san mijinta, bai iya ƙarya ba, bai kuma iya wasa da irin wannan murya ba. Ta gane in dabbar nan ta mutu, wani abu zai bi ta daga jikinsa wanda tuwo ba zai mayar ba.

Washegari da hantsi tana kakkaɓe buhun albasar da ya ƙare, 'yar ƙasa ta zubo daga gindinsa, fara-fara mai laushi haɗe da ɓawo. Malam, duk da halin da yake ciki, hannunsa ya miƙa da kansa ya tsinci kaɗan ya kai hanci. Bara'atu ta buɗe baki za ta yi faɗan da ta saba, sai maganar ta maƙale. Ta tuna lokacin da 'Yar Goronyo ke yawo a sake. Duk sanda aka neme ta aka rasa, a ina ake samunta? Bayan ƙofa, gindin buhunan albasa, hancinta cikin ƙurar nan.

Ta share ƙasar ta tara a tafin hannu, ta ɗaure zani, ta hau tsanin da ta rantse ƙafarta ba za ta taɓa takawa ba. Ta zare sakata ta zuba a kusurwa ta janye hannu da sauri.

Harshen ya fito. Ya sake fitowa. Sai dabbar nan da aka fara yi wa kallon gawa ta ɗaga kai, ta jawo jikinta da ƙyar, ta ɗora haɓa a kan 'yar ƙasar da ba ta fi cikin cokali uku ba, ta sa hannu ɗaya ta fara tono.

"Ikon Allah," Bara'atu ta ce a hankali. Sannan ta daka tsawa. "Malam! Riƙe min tsani in sauka! Ku biyun nan ciwonku ɗaya!"

Ranar direbobi ba su ci tuwo ba. Ta kwashi buhunan da babu kome ciki da tsintsiya ta hau danfo, motar fasinjan Legas, sai Mile 12. Ta ratsa ta cikin taɓo da ruɓaɓɓen tumatir har inda manyan motoci ke sauke kaya, ta sami Audu, wani dattijon direba da ke cin tuwonta in ya shigo Agege. Ta ce ya ba ta izini ta share masa bayan mota, ƙasar take so.

Audu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, albasa muke kawowa, ba ƙasa ba. Ko gini za ki yi?"

"Gini an riga an yi. Damon Malam Abdurrahim ce za ta yi ƙwai, ta ƙi ƙasar Legas. Shi kuma ya ƙi abinci."

Dariyar ta tsaya. Audu ya dube ta, ya dubi motarsa, ya karɓi tsintsiyar daga hannunta ya hau da kansa. Kafin ka ce me, magana ta zaga. "Ƙasa ake nema wa Baba Abdurrahim!" 'Yan dako suka ajiye kaya, kowa ya nemi tsintsiya ko kwali. Motar da aka gama saukewa, sai ka ga mutum biyu a durƙushe a ciki suna kankare lungu-lungu. Aka sharo ta motocin albasa na Goronyo da Aliero, fara mai laushi. Aka sharo ta motocin dankali, ja wur. Ta motocin rake da kankana baƙa-baƙa ce ta fadama. Ana kawowa ana faɗin sunan gari, wannan Kadawa, wannan Gashuwa, wannan Zariya.

Bara'atu tana tsaye riƙe da bakin buhu, mamaki ya cika ta. Shekara nawa tana zuwa kasuwar nan, ba ta taɓa lura ba. Ashe kullum ta Allah Arewa tana sauka a Legas kaɗan-kaɗan, ana sharewa ana zubarwa a kwata!

Da la'asar ta iso gida, 'yan dako biyu suna biye da ita da buhuna a ka, sun ƙi ko ruwa su sha sai sun ga an zuba. Aka juye a tsakar gida don a tsince ɓawo da igiyoyi. Chuwang ya durƙusa, ya damƙi jar ƙasar nan, ya murza ta a yatsu.

"Wannan namu ne," ya ce. "Na dankalin Bokkos ne. Mamana tana noma a irin wannan." Ya juya baya yana gyara tsanin da babu abin da ya same shi.

Bara'atu tana cikin tsinta sai ta yi ƙara ta yarfe hannu. Wani ɗan ƙwallo mai ƙayoyi ya manne mata a yatsa, ta cire da ɗaya hannun ya manne a can.

"Wannan wace irin masifa ce kuma?"

Malam ya kama hannunta ya zare shi a hankali, ya ɗora a tafinsa ya daɗe yana kallo.

"Ƙarangiya," ya ce. "Rabona da ita tun ina saurayi. Da mun tsane ta kamar mi."

Aka yayyafa wa ƙasar ruwa kaɗan, aka haura da ita bokiti-bokiti, Malam yana dannawa da tafin hannu har ta kama jikinta. Tokarar Chuwang ta yi ƙara sau ɗaya ta zauna daram. Aka mayar da 'Yar Goronyo, rana tana dukan bayanta.

Gidan nan da ba a taɓa jin shirunsa ba ya yi tsit. Masu haya sun fito, har da masu haɗiyar yawun nan biyu, wasu a kan benci, wasu a kan tanki. Ta zagaya akwatin tana taɓa ko'ina da harshe. Ta tsaya a inda farar ƙasa ta fi yawa. Sai ta fara, hannun dama, hannun hagu, ƙasa tana tashi ta bayanta tana zubowa ta raga a kan mutane, babu wanda ya matsa. Ina ta samo wannan ƙarfin, dabbar da jiya ba ta iya ɗaga kai? Kanta ya shige, kafaɗu suka shige, cikin nan mai nauyi ya shige, ƙarshe jelar ta bi a hankali ta ɓace. Iya mai gidan ta ɗaga hannu biyu sama tana faɗin wani abu da Yarabanci, Bara'atu ba ta fassara ba don ita ma bakinta a buɗe yake.

Da safe suka same ta a waje, ta saka ƙwan ta rufe ramin ta daddanne, cikinta ya faɗa har haƙarƙari ya fito. Malam ya miƙa mata dodon koɗi. Ta fasa shi ƙarau ta haɗiye. Ya sauko daga tsani ya wanke hannu.

"Bara'atu, akwai ɗumame?"

Ta zuba masa malmala biyu, ta tsaya a kansa da ludayi har ya share kwanon.

Chuwang ya raba hawan sama da katako, uwar a gefe guda, ramin a gefe guda. Daga nan sai jira. Watanni suka shuɗe, ƙasa tana nan shiru. Masu haya suka fara cewa ƙwan ya lalace. Malam dai kullum bayan ya dawo masallaci sai ya hau tsani da gwiwoyinsa masu ƙara, ya duba, ya sauko. Sannan ruwan farko ya zo, irin na Legas da ba ya sallama, ya sauka ta rabin rufin nan da aka bari a buɗe, ya sake sauka bayan kwana kaɗan.

Wata safiya Bara'atu tana tuƙa tuwo, ta ga Malam ya hau bai sauko ba. Ya daɗe. Ta ɗauka jiri ne ya kama shi.

"Malam, lafiya?"

Bai waiwayo ba. Hannu kawai ya miƙo baya yana kiranta.

"Bara'atu," ya ce ƙasa-ƙasa, "taho ki ga garinmu."

Ta bar muciya a tukunya ta hau. Ya matsa mata suka tsaya a matakala ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Akwatin ya zama kore. Duk irin da ya ɓuya cikin sharar motocin nan ya farka. Malam yana nunawa da yatsa. Wanga gero na. Wanga tafasa. Ga yakuwa, ga gasaya, ga 'yar ƙarangiyar da ta cije ki. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya daki hancinta, wani ƙamshi da ba ta taɓa ji ba a Agege, sai yanzu ta san abin da yake nema a jikin albasa duk shekarun nan.

Sai ta ga ƙasa tana motsi a gindin geron. Ta tsage. Wani ɗan kai ya leƙo, bai fi kan yatsa ba, da ƙasa a goshinsa. Ya zaro harshe siriri kamar zare, ya fito gaba ɗaya, zanen bayansa sabo fil. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wancan, suna ta fitowa suna bazuwa cikin ciyawa, kowanne yana ɗaga kai yana duban rana. A Legas aka haife su, amma ƙafarsu ba ta fara taka kome ba sai ƙasar gida.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ashe haka yake," ta ce.

"Haka yake," in ji Malam. "Sai dai ya ɗan fi wanga faɗi."

Daga ƙasa Iya mai gidan tana ta kiran Bara'atu, tuwo yana ƙonewa, ƙauri ya cika gida. Ta ji sarai. Ta ƙara riƙe hannun rigar mijinta, ta ce ya sake faɗa mata sunayen daga farko.